Padre Ɗan Danau Kota

Wani ne a nan unguwar Danau Kota, a Kuala Lumpur. Kada ku tambaye ni sunansa, don wasunku sahu ɗaya kuke tsayawa da shi ranar Juma'a. Shekararsa ta biyar ke nan yana PhD a kan ɓawon kwakwar manja, wai yadda za a niƙa shi a gauraya da siminti a buga bulo. Mutum ne da tunda aka haife shi bai taɓa cewa "ban sani ba". In ka tambaye shi hanyar Cheras zai kwatanta maka tiryan-tiryan, in ka ɓata ya ce ai garin aka sake wa fasali. In ana hirar ciwon ƙoda a teburin mamak, wato wajen mai shayin garin nan, shi ne likita. In aka koma kan ƙwallo, shi ne koci.

To, rannan supervisor ɗinsa ta kira shi ofis. Wata farfesa ce 'yar ƙasar nan, mai magana a hankali kamar tana lallashin jariri, amma in ta ce a'a to ta zauna. Ta ce masa babu zancen viva, wato zaman kare digiri, sai ya je ya gabatar da takarda a taron ƙasa da ƙasa, ya kawo mata shaida mai hatimi. Ga masu scholarship kuma sun rubuto daga Abuja cewa wata huɗu ya rage masa, in bai gama ba ya kwaso iyalinsa ya dawo gida haka nan, ba Dakta ba komai. Mutumin nan ya rame a tsaye. Sai Allah ya dube shi, wani taron injiniyoyi a Italiya ya karɓi takardarsa. Za a yi shi a wani gari wai shi San Martino.

Wayyo jama'a, mun ga ta kanmu a condo ɗin nan, dogon benen da muke zaune. In kuka haɗu a lif, kafin a kai hawa na uku ka san Italiya za shi. Har mai gadi ɗan Nepal sai da aka tsayar da shi aka nuna masa biza.

Matarsa Hannatu tana haɗa masa kaya ta ce, "Abban Hanan, in saka maka yaji da ɗan dambun nama? An ce abincinsu lami ne."

Ya ce, "Ke Hannatu, Italiya fa za ni, ba hidimar ƙasa ba. Na yi research. Abinci na gaskiya a ƙauyukansu yake. Kuma restaurant na asali ba shi da allo a ƙofa, ba shi da menu. Shiga kawai za ka yi ka zauna, abin da tsohuwa ta dafa shi za ka ci. Masu allo na 'yan yawon buɗe ido ne, waɗanda ba su san komai ba."

"To ka dai kula da abin da za ka kai bakinka."

"Ni za ki koya wa halal da haram? Shekara biyar ina karanta bayan kwalin biskit a ƙasar nan."

Ya je Bukit Bintang shagon Larabawa ya sayo baƙar jallabiya, doguwa har idon sawu, mai tsayayyen wuya da maɓallai jere. Ya ce da ita zai gabatar, Turawa su ga kwarjini. Da sanyi ya dame shi a jirgi sai ya saka farar riga daga ciki, farin yana ɗan leƙowa daidai maƙogwaro. Hularsa kuwa a kujerar jirgi ya manta ta.

Ya sauka Rum, ya je tashar jirgin ƙasa. Ga ma'aikata nan a zaune amma ya ce shi ba zai tambayi kowa ba. Ya tsaya gaban na'urar tikiti ya rubuta San Martino. Sai ga San Martino sun fito reras, sun fi ashirin. Ashe San Martino a Italiya kamar Sabon Gari ne a wajenmu, duk inda ka juya akwai ɗaya. Ya duba, ya duba, ya danna na farko. Ya ce ai babba ake fara rubutawa.

Jirgi ya yi ta tafiya da shi. Daga jirgi ya hau bas. Bas ta yi ta hawa dutse tana kwana, gonakin inabi a dama, itatuwan zaitun a hagu, sabis ɗin waya ya ɗauke ɗif. Wajen azahar direba ya sauke shi a wani ƙauye. Coci ɗaya, famfo ɗaya a tsakiyar fili, da kyanwoyi uku suna kwance a rana. Ya ja akwatinsa ya duba gabas ya duba yamma, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Turawa akwai tsari. Sun kawo taron inda ba hayaniya."

Abin da bai sani ba shi ne, limamin cocin ƙauyen nan ya rasu tun bara. An rubuto wa mutanen gari cewa za a turo musu sabon fada daga Afirka, kuma a ranar zai iso, ranar da suke bikin tunawa da sojojinsu da suka mutu a yaƙin duniya. Tun safe suke leƙen hanya.

Shi kuwa yunwa ta ci shi ta cinye. Ya bi wani lungu yana baza hanci. Sai ga wata ƙofa a buɗe, daga ciki tsakar gida ce, dogon tebur a ƙarƙashin rumfar inabi, mutane kusan goma suna cin abinci. Ya ɗaga kai: ba allo. Ya leƙa tebur: ba menu. Ga tsohuwa da ludayi a hannu.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Na asali ke nan."

Gidan mutane ne fa, iyali ne suke cin abincin rana. Mutuminku ya shige da akwati, ya ja kujera a bakin tebur ya zauna, ya tafa hannu sau biyu. Shi duk wanda ba ya jin Turanci a duniya to Malay yake yi masa.

"Makan, makan! Boleh?" Wato abinci, abinci, za a samu?

Tsohuwar nan, wadda kowa yake ce wa Nonna, wato Kaka, ta dubi baƙar riga, ta dubi farin da ke maƙogwaro, ta dubi baƙin fayil ɗin da ya rungume. Sai ludayi ya faɗi.

"Padre! Padre!"

Duk tebur aka miƙe. Ta rugo ta kama hannunsa za ta sumbata, ya fizge yana a'uziyya. Ta juya ta gaya wa 'ya'yanta da yarensu cewa ku ga tawali'u, ko hannu ba ya so a sumbata. Shi kuma a ransa ya ce, Padre, Padre, ai Prof ke nan da bakinsu. Wato takardata ta riga ni isowa.

Ya ce, "Not yet, Mama, not yet. Saura viva."

Ta ce, "Viva! Viva!"

Duk gida aka ɗauka, "Viva il Padre!" Su addu'ar tsawon rai suke masa, shi kuma har ƙwalla ta zo masa. Ya ce kai, har tsofaffin Italiya sun san halin da nake ciki.

Aka fara dire faranti. Na farko wani nama ne jajir, an yanka shi siriri kamar takarda. Nan fa ya gyara zama, don a nan yake ganin ya fi kowa. Ya nuna naman ya dubi Nonna.

"Mbeee?"

Ta girgiza kai.

"Muuu?"

Ta sake girgiza kai. Sai ta ɗora yatsa ta tura hancinta sama ta yi wani gurnani. Ya ture faranti har ya kusa faɗuwa ƙasa.

"Kun ji ko! Ni za a yi wa? Ba a yi ba."

Nonna ta dafe ƙirji. Wai sabon fada azumin nama yake yi saboda matattunsu. Aka janye nama daga gabansa, aka kawo taliya da miyar tumatir, da wata mai cuku, da gurasa, da zaitun. Ya ci faranti uku. Yana ci yana cewa in da da yaji da an gama magana. Da ya ƙoshi ya nuna ragowar tukunya ya ce "tapau", ya yi alamar ƙunshewa a leda. Suka ce Allah sarki, talakawa zai kai wa.

Sai mijin Nonna, wani tsoho mai jan hanci ana ce masa Gino, ya kamo hannunsa ya ja shi wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Sanyi, duhu-duhu, ga manyan gangunan katako jere. Tsoho ya shafa ɗaya kamar mai shafa ingarma, ya buɗe famfo ya tsiyayo wani abu ja a kofi.

"Vino," in ji shi. "Vino nostro."

Mutuminku bai yi gaggawa ba, don shi mai tsantseni ne. Ya zaro waya ya buɗe manhajar fassara, irin wadda take aiki ko ba sabis. Ya rubuta vino. Ta ce masa: ruwan inabi.

"Ruwan inabi. To ai shi ke nan. Zoɓon Turawa."

Ya yi bismilla ya kurɓa. Fuska ta yamutse.

"Kai Baba, ya kwana! Kuma ba sukari. Sugar? Gula? Zucchero ne ko me kuke cewa?"

Tsoho bai gane ba sai da ya ga baƙo ya zaro ƙananan ledojin sukarin da ya kwaso a jirgi, ya farke uku ya zazzage a kofi, ya juya da biro. Gino ya jingina da ganga ya rufe ido. Inabin nan kakansa ne ya dasa shi. Amma me zai ce wa fada?

Da sukari abin ya shiga. Ya shanye ya miƙa kofi. Tsoho ya ce to ɗanɗana na wannan gangar. Ya ɗanɗana. Ga na shekarar da aka haifi jikata. Ya ɗanɗana. A kofi na uku ya ji sanyin garin ya tafi. A na huɗu ya ji kamar ya fara fahimtar Italiyanci. A na biyar ya rungume Gino yana ba shi labarin supervisor da Hausa, tsoho yana gyaɗa kai yana share hawaye.

Ya ce, "Baba Gino, wallahi zoɓon nan naku yana buɗe ƙwaƙwalwa. Da da shi na fara, da a shekara biyu na gama."

Suna fitowa sai ga ganga da kakaki a bakin ƙofa. Gari ya taru. Ga magajin gari da kyalle mai launi uku a rataye a kafaɗa, ga tsofaffi da huluna masu gashin tsuntsu da lambobi a ƙirji, ga mata da furanni. Labari ya zaga cewa Padre ya iso. Magajin gari ya rusuna ya nuna masa gaba.

Mutuminku ya gyara jallabiya. Ya ce, "Opening ceremony. Ka ga inda ake girmama ilimi. A wajenmu ko ruwan leda ba za a ba ka ba."

Ya shige gaba, fayil a ƙirji, yana tafe yana ɗan karkata, 'yan kakaki suna bin sa. Har tsakiyar fili, inda aka kafa wani dogon farin dutse da mutum-mutumin soja a samansa. An sassaƙa sunaye a jiki tun daga sama har ƙasa, kowane da shekara a gefensa.

Ya matsa ya karanta. Ya ce, "List of participants. A kan dutse! Kai, Turawa." Ya ga 1917, ya ga 1943, ya jinjina kai. "Manyan farfesoshi ne, tun ba a haifi babana ba suka gama digiri."

Ya bi sunayen da yatsa yana ƙirgawa, tamanin da bakwai. Ya sake bi daga ƙasa. Babu nasa. Nan ransa ya ɓaci. Ya juya wajen magajin gari.

"Excuse me, Chairman. My name is not here. I registered since June!"

Magajin gari ya yi murmushi ya ce, "Sì, Padre, sì."

"Sì ɗin me? Wariya ce kawai, don ni baƙi ne."

Ya zaro katinsa mai suna da lambar waya, ya tauna cingam ya manna shi a ƙasan suna na ƙarshe. Mata suka fashe da kuka. Wai fada ya ce shi ma a lissafa shi cikin 'ya'yan garin, rai da mutuwa. Nonna ta jawo shi ta nuna masa wani suna a tsakiya, ta buga ƙirjinta tana "Papà, papà", hawaye shaɓe-shaɓe. Mahaifinta ne, tana goye aka kashe shi.

Mutuminku ya washe baki ya ɗaga mata babban yatsa.

"Congratulations, Mama! You must be very proud."

Aka ajiye furanni. Magajin gari ya yi ɗan jawabi, sannan ya miƙa masa makirfo don ya yi wa mamata addu'a. Ya miƙa wa wani mai kakaki wayarsa ya ce ya ɗauki bidiyo. Ya nemi majigi bai gani ba, ya ce ba komai, gwani ba ya buƙatar slides. Ya buɗe fayil, ya juya wa jama'a baya ya fuskanci dutse, don a ganinsa nan ne high table.

"Distinguished professors, ladies and gentlemen, all protocols duly observed."

Jama'a suka ce, "Amen."

Ya ɗan waiga. Ya ce to, kowane gari da al'adarsa. Ya ci gaba.

"The palm kernel shell is an agricultural waste."

"Amen."

"The compressive strength after twenty-eight days..."

"Amen."

Minti goma sha biyar aka ba shi a takardar gayyata, amma ruwan inabi ya ce ba haka ba. Ya yi minti hamsin. In ya zo wajen da ya kamata a canza slide sai ya ɗaga hannu sama ya kaɗa, jama'a su sunkuyar da kai su yi alamar gicciye. Da ya zo kan matsalolin da ya fuskanta a bincike, sai ya tuna injin lab da ya lalace wata bakwai, ya tuna wasiƙar Abuja, murya ta karye, ya fashe da kuka. Ai kuwa fili ya rikice. Tsofaffin sojoji suna sheshsheƙa, Gino ya zauna a ƙasa. Wata mata ta ce shekararta saba'in tana zuwa bikin nan ba ta taɓa jin addu'a mai ratsa jiki irin wannan ba.

Ya share ido ya dubi dutse.

"Thank you for listening. Any questions?"

Tsit. Lokacin shirun minti ɗaya ne na girmama mamata. Ya jira. Ko tari babu.

"No questions?"

Sai kakaki ya busa.

Ya rufe fayil ya ce, "Na kashe su."

Daga nan ya zaro fom ɗin jami'a na shaidar halarta ya miƙa wa magajin gari, yana nuna wajen sa hannu. Magajin gari ya ɗauka littafin tarihi ne na baƙi. Ya cika bayan takardar da rubutu, ya aika aka ɗauko hatimin gari aka buga har biyu. Gino kuma ya kawo masa wata ƙatuwar kwalba marar tambari, an toshe bakinta da toto, ya ce tsaraba. Suka nuna masa gidan da aka share masa a jikin coci. Ya ce a'a, ya gode da masauki, amma yana da uzuri a Rum. Suka ɗauka wajen manyansa za shi ya dawo.

Yana tsaye a tasha sai ga bas ta iso. Wani dogon baƙin mutum ya sauko da akwati, gumi sharkaf, baƙar riga har ƙasa da farin abu a wuya. Fadan gaskiya ne, ɗan Kwango, jirgi ne ya tsere masa da safe. Suka yi cirko-cirko suna kallon rigunan juna.

Mutuminku ya dafa kafaɗarsa ya ce, "My brother, you are late. Mun gama. Next time keep to time, this is not Africa."

Ya haye bas abinsa.

Ragowar kwana biyun a Rum ya yi su yana ɗaukar hoto, da wani ciwon kai da ya ce canjin yanayi ne. Yadda aka yi kwalbar nan ta biyo shi har Kuala Lumpur, wannan ban sani ba.

Ranar Asabar bayan la'asar ya tara mu walima a zauren condo. Ni ma ina wajen, wannan ba labarin ji ba ne. Hannatu ta yi shinkafa da kaji, da cincin, da alkaki. Tsarabar Gino kuwa ta juye ta a babban jug, ta zuba ƙanƙara da citta da kanumfari da ɓawon abarba, don ya ce mata sai an gyara shi. Mata suna ɓangarensu bayan labule, mu muna gaban talabijin. A kujerar gaba ga Malam Datti, dattijonmu da yake ja mana sallah, wanda yake koyar da kimiyyar haɗa magunguna. Gefensa wani baƙo, Sharif, sabon ɗalibi ne da ya zo watan jiya, ashe a Italiya ya yi digirinsa na biyu.

Mutuminku ya tsaya da baƙar jallabiyar nan. Ya fara da karanto mana saƙon da masu taron suka aiko masa.

"Ku ji fa. 'We missed you at the session.' Kun ji? Ko sati ban yi da tahowa ba har sun fara kewata."

Wani ya ce, "Ma sha Allah."

Aka kunna bidiyo. Ga kakaki, ga furanni, ga shi ya ba jama'a baya yana yi wa dutse bayani. Muna jin "Amen, Amen" muna kallon juna. Ba wanda ya ce komai, don ba wanda yake so a ce bai san tsarin Turai ba.

Aka fara zagayawa da kofuna. Ya ce a fara ba Malam, don albarka. Malam Datti ya karɓa ya yi bismilla, ya kai baki. Sai ya tsaya. Ya shinshina. Ya nisanta kofin, ya sake kusanto shi.

"Wannan fa?"

"Zoɓon Italiya ne, Malam. Organic. Daga gona kai tsaye."

"Ƙamshin nan na san shi. A lab muna kulle shi a kabad, sai da sa hannu ake ɗauka." Ya ɗaga murya. "Kowa ya ajiye kofinsa! Ku gaya wa mata su ma!"

Daga bayan labule aka ji ƙarar kofuna da salati.

Mutuminku ya ce, "Haba Malam, ruwan inabi ne fa. Na duba a waya."

Sharif ya ce, "Yaya, me suka ce maka sunansa?"

"Vino."

Sharif ya dafe kai. "Giya ce, Yaya. Kofi nawa ka sha?"

Ya fara lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Malam Datti ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har ƙirgawa ake yi?"

"Amma Malam, ban ci naman ba! Ku tambayi kowa a garin, ture shi na yi."

Hannatu ta ɗago labule, mayafi a hannu. "Abban Hanan, ni ka saka na yi wa giya haɗin citta? Har ina ɗanɗanawa ina ƙara sukari?"

Ya ce ta koma ciki, za su yi magana. Gumi ya fara keto masa. Don ya kawar da zancen sai ya zaro takardar shaida ya ɗaga sama.

"To duk wannan kuskure ne, Allah ya yafe. Abin da ya kai ni dai ga shi. Hatimi biyu. Jibi Litinin zan dire wa Prof a tebur."

Sharif ya ce a ba shi ya gani. Ya karanta a zuci. Malam ya ce ya karanta a fili.

"An rubuta, 'Al'ummar San Martino suna godiya ga sabon limamin cocinsu, bisa addu'ar da ya yi wa mamatanmu. Muna jiransa ranar Lahadi don ya ja mana ibada, kuma akwai jarirai biyu da za a yi wa baftisma.'"

Wani a baya ya cusa hula a baki.

Mutuminku ya ce, "Ƙarya ne! Prof suke ce mini. Padre!"

"Padre fada ne, Yaya. Fadan coci."

"To list ɗin fa? Ka tsayar da bidiyon. Ga sunayen participants nan a dutse, har na ƙara nawa!"

Aka tsayar. Sharif ya matsa jikin talabijin ya karanta rubutun da ke saman dutsen.

"'Ga 'ya'yanmu da suka faɗi a fagen yaƙi.' Yaya, sojoji ne. Duk sun mutu, wasu sun fi shekara ɗari. Taron da aka gayyace ka yana can wani San Martino ɗin, ko hanya ba ku haɗa ba."

Malam Datti ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya dube shi tun daga wuyan jallabiya har ƙasa.

"Wato bawan Allah, ka bar iyalinka, ka keta duniya, ka sha giya, ka zama fada, sannan ka tsaya minti hamsin kana karanta wa matattu takardar bulo?"

Mutuminku ya ja dogon numfashi, ya gyara maɓallin wuya.

Ya ce, "Malam, kai ma fa kana zuwa conference. Tsakaninka da Allah, ka taɓa gabatar da takarda gaban mutum tamanin da bakwai, har ka gama ko ɗaya bai fita shan shayi ba?"